Baba, Na Rantse a Kasuwa Cewa Ni Ba Kirista Ba Ne

Baba, barka da aiki. Ina roƙo a sakaya sunana. Shekaruna 27, daga wani ƙauye nake a kudancin jihar Katsina, babana mai bishara ne. Shekara uku ke nan ina Kano, ina yaron shago a wurin wani ɗan kasuwar atamfa da shadda. Sunana irin wanda Musulmi da Kirista duk suke sa wa 'ya'yansu ne, Hausa kuma da ita na tashi, don haka ba wanda ya taɓa tambayata addini, ni ma ban faɗa ba. In an tafi salla ni ake bari tsaron shago, suna ɗauka in sun dawo nake yin tawa. Ban taɓa shiga sahu ba, ban kuma yi kalmar shahada ba. Maigidana mutumin kirki ne, ya yi mini alkawarin sallama da jari baɗi. Akwai kuma bashinsa a kaina wanda na ci saboda cacar ƙwallo ta waya, shi yana zaton magani na saya wa mahaifiyata.

Wata takwas da suka wuce wani mutumin yankinmu ya shigo sayayya, ya dube ni ya ce, “Kai ba ɗan malamin cocin nan na garinku ba ne?” Abokan aikina suka yi tsit suna kallona. Na ce ba ni ba ne. Ya ce ai kamar ta yi yawa. Sai na rantse da Allah na ce ni ba ruwana da coci, ban ma san ƙofarsa ba. Baba, ba wanda ya zare mini ido, ba wanda ya ɗaga mini hannu. Tun ranar ban ƙara taka majami'a ba (da ma zuwan nawa ya yi ƙaranci), na kasa addu'a, in babana ya kira sai in bar wayar ta yi ta ƙara har ta katse. Kullum Matiyu 10:33 ke faɗo mini a rai, da Ibraniyawa sura 6. Shin Yesu ya riga ya yi musun sanina a gaban Ubansa? In da sauran hanya, ta ina zan fara?

Ɗanka, daga Kano.

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Zan fara da tambayar da ke hana ka barci, don kada ka yi ta karatu zuciyarka na dukan uku-uku. Ba a rufe maka ƙofa ba. Yesu bai gama da kai ba. Ba lallashi nake yi maka ba, zan nuna maka inda na samo wannan magana.

Amma bari mu fara kiran abin da sunansa, tunda na lura kai ma ba rufa-rufa ka zo nema ba. Abin da ya faru a shagon nan zunubi ne, babba kuwa. Ka yi musun Ubangijinka. Ka yi musun mahaifin da ya haife ka, wanda aikinsa ke nan kiran sunan da kai ka ce ba ka sani ba. Ka kira sunan Allah a kan ƙarya. Ka kuma mai da baƙon nan mai shirme a idon jama'a alhali gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya ce maka “ai ba komai, dabarar zaman birni ce” bai taimake ka ba, zuciyarka ma ba za ta yarda da shi ba, domin wata takwas ke nan tana faɗa maka akasin haka.

To, ayar da ke bin ka. A Matiyu 10:33 Yesu ya ce duk wanda ya yi musun saninsa a gaban mutane, shi ma zai yi musun saninsa a gaban Ubansa da ke Sama. Magana ce mai nauyi, ba ni da ikon rage mata komai. Sai dai ka koma farkon surar ka ga su wa ake yi wa ita. Almajiransa sha biyun nan ne, ranar da yake aikensu wa'azi, sunan farko a jerin kuwa shi ne Saminu da ake kira Bitrus. Da kunnensa ya ji gargaɗin. Shi ne kuma ya zo ya yi musu har sau uku a dare ɗaya. Da a ce duk bakin da ya taɓa furta musu an yanke masa hukunci nan take, da Bitrus ayar za ta fara hallakarwa. Ka kuma buɗe Luka sura 12. Aya 9 ita ce gargaɗin nan dai, aya 10 da ke manne da ita ta ce duk wanda ya faɗi wata magana gaba da Ɗan Mutum za a gafarta masa. A zama ɗaya Ubangiji ya faɗe su. Wanda gargaɗin zai ci shi ne wanda ya yi musu ya zauna daram a kan musunsa, ya gina rayuwarsa a kai, har mutuwa ta same shi bai juyo ba. Nan ne haɗarinka yake. Kowace safiya da ka buɗe shago ka bar mutanen nan a kan rantsuwarka, ka sake sa mata hannu ke nan.

Ina so ka zauna ka karanta labarin Bitrus a daren da aka kama Yesu a hankali, a Bisharu huɗun duka. Daren sanyi ne. Bayi da dogarai sun hura wutar gawayi a tsakar gidan babban firist suna jin ɗumi, Bitrus ya kutsa cikinsu kamar ɗaya daga cikinsu. Ba soja ne ya fara tambayarsa ba, ba alƙali ba, wata baranya ce mai tsaron ƙofa. Mutumin da ɗazu-ɗazu ya zare takobi a gaban taron masu makamai ya sare kunnen bawan babban firist, shi ne yarinya ta yi wa tambaya ɗaya ya rikice. Jim kaɗan na tsaye a wurin suka ce, lalle kai ma ɗayansu ne, ai harshenka ya tona ka, domin shi Bagalile ne, maganarsu ta bambanta da ta mutanen Urushalima. Har wani ɗan'uwan wanda aka sare wa kunne ya ce, ashe ban gan ka a lambu tare da shi ba? A nan Bitrus ya shiga rantse-rantse yana la'antar kansa, yana cewa bai san mutumin ba. Shi ma gane shi aka yi. Shi ma da rantsuwa ya toshe bakin masu tambaya.

Ka ce ba wanda ya zare maka ido, na kuma gane cewa wannan ne ya fi ƙona maka rai. Mun tashi a ikkilisiya ana ba mu labarin waɗanda aka ɗora wa wuƙa a wuya suka ƙi yin musu, a ƙasar nan kuwa wannan ba tatsuniya ba ce, akwai gidaje a Borno da Yobe da Adamawa da suka binne irin waɗannan bayin Allah. Sai kowa ya riƙa auna kansa da ranar wuƙa, yana cewa in ta zo zan tsaya. Yawancinmu ba za mu taɓa ganin ranar ba. Wadda za mu gani ita ce ranar kallo: idanu biyar ko shida a kanka, wuri ya yi tsit, kana tunanin yadda za a riƙa dubanka gobe da safe. Ba wanda ya shirya mu domin wannan. Yahaya 12:42-43 ta ce da yawa cikin shugabannin Yahudawa sun gaskata da Yesu amma suka ƙi bayyanawa don kada a fitar da su daga majami'arsu, sun fi son yabon mutane da yabon Allah. Karin Magana 29:25 ta kira tsoron mutum tarko. A ganina kunya ta fi takobi kayar da mu, domin ita kullum tana tare da mu, a shago, a aji, a ofis, har a gidan surukai.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa a duk amsar nan. Ba a ranar nan ka faɗi ba. Azarar da gara ta cinye ta ciki, ranar da ta karye sai a ce iskar jiya ce, alhali iskar ta zo ne ta tarar da ɓarnar da aka daɗe ana yi. Ka sake duba wasiƙarka da idonka. Shekara uku kana ganin sun ɗauke ka abin da ba kai ba, kana jin daɗin sauƙin da hakan ya kawo maka. Ban ce dole ne Kirista ya rataya allo a wuya duk inda ya shiga ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda bai yi shela ba da wanda yake kiwon kuskuren mutane yana ba shi abinci, kamar yadda ka bar su suna zaton kana yin taka sallar in sun dawo. Bayan shekara uku gaskiya ta yi maka tsada ƙwarai, don in ka faɗe ta sai ka amsa tambayar da za ta biyo baya: to me ya sa ka ɓoye tun farko?

Sai maganar zuwa sujada, wadda ka saka a cikin baka biyu a wasiƙarka kamar ƙaramin abu. Ba ƙarami ba ne. Yaron da ya bar ƙauye inda kowa ya san shi ɗan malam ne, ya shigo birnin da ba wanda zai tambaye shi ina ka shiga ranar Lahadi, in bai nemi zumunci da ƙafarsa ba, ba zai zo ya same shi a ɗaki ba. Bitrus ma kafin ya kai bakin wutar nan ya bi matakai: ya cika baki cewa ko duka sun gudu shi ba zai gudu ba, aka ce ya yi tsaro da addu'a ya yi barci, da aka kama Ubangiji kuma ya riƙa binsa daga nesa.

Amma ni inda na fi tsayawa shi ne cacar nan da ƙaryar maganin mahaifiyarka. Kai ka ambace ta a wuce, ni kuwa ina ganin ita ce ta riƙe maka harshe a ranar. Mutumin da ke ɓoye abu ɗaya yana tsoron kowace irin tambaya. A daidai lokacin da baƙon nan ya yi magana, wani sashe na zuciyarka ya riga ya yi lissafi: in maigida ya gane na ɓoye masa wannan, zai fara tunanin me kuma na ɓoye, daga nan sai maganar kuɗin, daga nan sai sallamar ta tashi. Zunubin da aka ɓoye yana kashe addu'a tukuna, sannan ya mai da mutum matsoraci, domin duk rayuwarsa ta rataya a kan kada a sani. Son samun jari ba laifi ba ne, kowane yaron shago da wannan burin yake kwana yake tashi. Amma ka tuna da Dimas. A Kolosiyawa 4:14 yana cikin masu aika gaisuwa tare da Luka, a Filimon aya 24 Bulus ya lissafa shi cikin abokan aikinsa, sai ga 2 Timoti 4:10 tana cewa ya yashe Bulus saboda ƙaunar duniyar nan. Ba a ce an doke shi ba, ba a ce wata koyarwa ta ruɗe shi ba.

Wannan ciwo ikkilisiya ta daɗe da saninsa, a nahiyarmu ma aka yi babbar muhawara a kansa. A shekara ta 250, Sarkin Rum Desiyus ya ba da umarni kowa ya je ya miƙa hadaya ga gumaka a gaban jami'an gwamnati, a ba shi takardar shaida. An tono irin waɗannan takardu sama da 40 a Masar, da sunayen masu su da sa hannun jami'an. A birnin Kartaj, kusa da inda Tunis take a yau, Kiristoci da yawa suka faɗi. Bishof ɗinsu Sifiriyan ya rubuta da baƙin ciki cewa wasu ba su ma jira a kama su ba, da ƙafarsu suka ruga dandali, da yamma ta yi jami'ai suka ce a dawo gobe har wasu suka riƙa roƙo a gama da su a ranar. Wasu kuma ba su yi hadayar ba, sai suka ba da cin hanci aka rubuta musu takardar cewa sun yi, suna ganin sun yi wayo. Da Sifiriyan ya zo bayyana dalili, bai tsaya a kan azabar sarki ba. Ya ce dogon zaman lafiya ne ya sa suka saki jiki, kowa ya duƙufa tara dukiya, har wasu bishof-bishof suka bar garkensu suna yawon kasuwanni neman riba. Da umarnin sarki ya zo, tsoron rasa dukiya ya ɗaure su.

Bayan ƙura ta lafa, sai ga waɗanda suka faɗi a bakin ƙofa suna kuka. A Rum wani malami mai suna Nobatiyan ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓarsu, ya ja mutanensa suka ware. Wasu kuma suka ce a shigar da kowa nan take ba tambaya. Taron bishof-bishof da aka yi a Kartaj a shekara ta 251 ya ƙi hanyoyin nan biyu: a duba al'amarin kowa da kowa, masu sayen takarda a karɓe su bayan tuba, waɗanda suka yi hadayar su daɗe a cikin horo amma kada a bar su su mutu ba a karɓe su ba. Ba da daɗewa ba, da aka ga alamar wani tsanani na tafe, suka sake zama suka ce a karɓi duk mai tuba na gaskiya ba jira, domin ba daidai ba ne a tura mutum fagen fama an hana shi jiki da jinin Ubangiji da za su ƙarfafa shi. Sifiriyan kansa an fille masa kai a shekara ta 258 saboda ya ƙi yin hadaya. Mutumin da ya san tsadar tsayawa ke nan, shi ne kuma ya ce a buɗe wa waɗanda suka faɗi ƙofa.

Ibraniyawa 6:4-6 kuwa, malaman Littafi sun daɗe suna kai da kawo a kanta, amma abin da ya shafe ka a fili yake. Tana magana ne a kan waɗanda ba shi yiwuwa a sake jawo su ga tuba, waɗanda suka ɗanɗana suka juya baya suna wulakanta Ɗan Allah a fili. Irin wannan mutum ba ya kwana yana juyi saboda Matiyu 10:33, ba ya kuma rubuto wasiƙa yana tambaya ta ina zan fara. Zafin da kake ji aikin Ruhu ne, alama ce bai rabu da kai ba.

Sai dai zafi kaɗai ba ya ceto. Yahuza, wanda ya ba da Yesu, shi ma ya ji zafi. Ya yi nadama, ya mayar da azurfa 30, ya ce na yi zunubi na ba da marar laifi. Amma wurin manyan firistoci ya kai nadamarsa, suka ce ina ruwanmu, ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, amma da safiyar Lahadin da Yesu ya tashi daga matattu, inda Maryamu Magadaliya ta same shi yana tare da Yahaya, bai ware kansa ba. Bulus ya ce a 2 Korintiyawa 7:10 akwai baƙin ciki irin na Allah da ke kai wa ga tuba, akwai na duniya da ke kai wa ga mutuwa. Wayar babanka da kake bari tana ƙara, da ƙofar majami'a da kake kauce wa, su ne suka fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Shaiɗan ya rage maka girman zunubin kafin ka yi, yanzu kuma yana ƙara masa girma har ya fi jinin Almasihu, don ka zauna kai kaɗai.

Ka ga yadda Ubangiji ya bi da Bitrus. Tun kafin ya faɗi ya ce masa, na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare, in ka juyo ka ƙarfafa 'yan'uwanka. A bakin kabarin Yesu mala'ika ya ce wa matan da suka zo wurin su je su gaya wa almajiransa, da Bitrus, aka ware sunansa don kada ya zaci shi ba ya ciki. A bakin tekun Galili kuma, Yahaya sura 21, ga wata wutar gawayi da kifi a kai, Yesu ya ciyar da shi tukuna, sannan ya tambaye shi sau uku, a gaban sauran, kana ƙaunata? Ya sa bakin da ya yi musu a gaban mutane ya yi shaida a gaban mutane, ya kuma mayar masa da aikinsa. Ba a jima ba sai ga Bitrus a shirayin Sulemanu na Haikali yana ce wa jama'a kun yi musun Mai Tsarkin nan Mai Adalci, ku tuba ku juyo a shafe zunubanku. Ya san abin da yake faɗa.

To ta ina za ka fara? Daren nan ka durƙusa, ko ba ka ji komai a ranka ba. Ka buɗe Zabura 51 in bakinka ya ƙi motsi, sannan ka faɗa wa Allah abin da ka yi ɗaya bayan ɗaya da kalmomin da ka rubuto mini. 1 Yahaya 1:9 ba ta ce sai ka ji sanyi a zuciya ba, ta ce in mun furta zunubanmu shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta. A daren dai ka goge manhajar cacar nan daga wayarka. In ka bar ta, duk sauran abin da zan faɗa ɓata baki ne.

A cikin makon nan ka nemi fasto ko wani dattijon ikkilisiya. A Sabon Gari akwai majami'u masu sujada da Hausa. Ka je ranar aiki, ba sai Lahadi ba, ka ce kana so ka gan shi shi kaɗai. Ka faɗa masa duka, har cacar da bashin, domin rabin furci yana barin mutum a inda yake. In ikkilisiya ta sa ka a horo na ɗan lokaci ka karɓa, muddin horon na komo da kai ne cikin tawali'u kamar yadda Galatiyawa 6:1 ta ce. In kuwa ka ga wanda ka samu ba ya riƙe sirri, ko ya fi son ya kafa misali da kai a kan bagade, ka nemi wani. Maganar cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwarsa, ku yanke ta tare da faston, kada ka hana kanka har abada da sunan tawali'u, teburin na masu tuba ne.

Babanka kuma, kada ka yi wannan magana a waya. Ka kira shi ka gaishe shi, ka ce kana nan tafe, ka nemi izinin kwana biyu ka je gida. Zai ji ciwo, kada ka yi zaton ba zai ji ba. Amma tunda baƙon nan mutumin yankinku ne, mai yiwuwa labarin ya riga ka isa, kuma kiran da yake ta yi maka kiran uban da ya sani ne yake jira. Ta hannunsa kuma za ka sami mutumin ka ba shi haƙuri.

Saura mai wuyar, maigidanka. Ka lura, a duk labarinka ba Musulmi ko ɗaya da ya zalunce ka. Kada ka bar wani ya juya maka maganar ta zama su suka sa ka. Mutumin nan ya ba ka amanar shagonsa, ya ba ka rance, ya yi maka alkawarin jari, kai kuwa ka yi masa ƙarya biyu. Yana da haƙƙin jin gaskiya. Amma a yi da hikima, domin Ubangijin da ya ce kada a yi musunsa shi ne ya ce a Matiyu sura 10 ɗin nan dai ku zama masu azanci kamar macizai, marasa ɓarna kamar kurciyoyi. Ba a bakin shago ba, ba a gaban yara ba. Ka same shi a gida ko bayan an tashi kasuwa, in da hali tare da wani dattijo da yake ganin girmansa. Maganarka ta farko ta fito sarai don kada a yi mata wata fassara: “Alhaji, ni Kirista ne tun haihuwa, ɗan mai bishara ne, ban taɓa shiga Musulunci ba. Tsoro da kunya suka sa na ɓoye, har na rantse a kan ƙarya. Na zo neman gafararka.” Kada ka ce uffan a kan addininsa, kada ka mai da zaman wa'azi. Sai ka bi da maganar kuɗin, ka faɗi inda suka tafi, ka kawo tsarin yadda za a riƙa cira daga abin da yake ba ka har ka biya.

Ba zan yi maka alkawarin zai yi murmushi ya ce ba komai ba. Zai iya korarka, sallamar ta tafi. Zai iya kuma riƙe ka, domin 'yan kasuwar Kano kullum suna hulɗa da Kiristoci, abin da ɗan kasuwa ya fi ƙi shi ne yaron da ba a san cikinsa ba. Ko wanne ya faru, ramin ƙarya ƙurarre ne, mutum ɗaya ya gane ka, wani ma zai gane ka, gara ya ji daga bakinka. Kafin ka je, ku shirya da fasto inda za ka kwana in a gidan maigida kake zaune, da abin da za ka yi in aikin ya ƙare. In dattawan da suka san unguwar suka ga akwai haɗari a kanka saboda wasu sun riga sun ɗauke ka Musulmi, ka ji maganarsu: ka bar wurin cikin mutunci, ka aika masa da gaskiyar ta hannun dattijo, ka biya bashin har ƙarshe. Matiyu 10:23 ta ba da izinin barin gari zuwa wani. Musu ne ba ta ba da izini ba.

Ka kuma sani raunin nan zai sake ƙwanƙwasa maka ƙofa. Bitrus, bayan shekaru yana shugabanci, a Antakiya ya janye daga cin abinci da masu bi waɗanda ba Yahudawa ba saboda tsoron wasu baƙi daga Urushalima, har Bulus ya tsawata masa a gaban kowa, kamar yadda Galatiyawa sura 2 ta faɗa. Tsoron idon mutane ne dai. Saboda haka kada ka yi cika bakin “ba zan ƙara ba”. Duk sabon wurin da ka shiga, ka bari a san ko kai wane ne tun makon farko, cikin ladabi, lokacin da faɗar ba ta da tsada: ranar Lahadi zan je sujada, in dawo da azahar. Ka sami mutum ɗaya a zumuntar matasa wanda ya san labarinka, wanda ka ba shi izinin ya tambaye ka maganar caca da kuɗi kai tsaye.

Iyaye da dattawan ikkilisiyoyin ƙauye da ke karanta wannan shafi, ku ma da naku. Muna sa yara a mota zuwa Kano da Kaduna da Abuja da addu'a da ɗan guzuri, ba ma haɗa su da kowa a can. A riƙa ba su takarda zuwa wata ikkilisiya, a kira faston can a ba shi lambar yaron, a kuma riƙa tambayar yaron wa ya yi wa'azi ranar Lahadi, ba nawa ka samu kaɗai ba.

Ɗana, ka sake rubuto mini bayan ka ga fasto, kafin ka je wurin maigidanka.